Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Fim ɗin kyamara ɗaya hoto 36 yake ci. In hannunka ya saba, ka ɗora shi cikin inuwa ba ka ja bakinsa da yawa ba, kana iya tatsar 37, wata rana har 38. Da irin wannan rara na fara ɗaukar mutanen titi, tun ban san abin yana da suna ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai hoto ne a Birnin Kebbi. Shagonsa ɗan tsurut ne a gefen tsohuwar kasuwa: labule mai zanen gidan sama da furanni, kujera ɗaya mai hannu, da wata tarho wadda ba ta haɗe da komai, riƙe ta kawai ake yi a ɗauke ka kamar kana magana da Ikko. A 1998 aka kai ni wurinsa ina ɗan shekara 15, bayan Baba ya ga tsakanin makaranta da bakin gulbi, gulbin ya fi samun rabona. Lokacin shekara bakwai ke nan da cire Kebbi daga jihar Sakkwato. Gari ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su gida, kowa na buɗe fayil, kowane fayil na cin fasfo. Ga biki, ga suna, ga Sallah. Mai hoto ba ya kwana da yunwa.

Baƙi-da-fari Kawu ke wankewa da kansa a wani lungu da ya toshe da bargo. Mai launi kuwa sai mu tara fim huɗu ko biyar mu ba direban Sakkwato a tasha, ya kai gidan wanki, bayan kwana biyu ko uku ya dawo mana da ambulan. A nan rarar ke fitowa. An watse daga biki, saura hoto biyu a cikin kyamara, mota kuma da sassafe za ta tashi. Kawu ba ya son ɓarna, ba ya son jira. Sai ya miƙo mini Yashica ɗinsa ya ce, "Tahi ka cinye shi. Ko akuya ta, ɗauka."

Akuyoyin kuwa na fara ɗauka. Da suka ishe ni na koma kan masu akuyoyin.

Wata safiya saura hoto ɗaya tak. Na tsaya a bakin hanyar da ke gangarawa fadama ina neman abin da zan ƙarar da shi, sai ga Baba tafe bisa kekensa. Manomin shinkafa ne, da rani yana taɓa su. Homa na ɗaure a bayan keken, wando a naɗe har gwiwa, laka ta bushe ta yi fari a ƙwaurinsa, ya ɗaga hannu ɗaya yana amsa gaisuwar wani yana dariya. Na danna. Ya wuce abinsa, ni kuma na juya ina murna bai gan ni ba.

Da ambulan ta dawo na kai masa da dare bayan tuwo, ina jiran yabo. Ya matsa kusa da fitila ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Riga ukku gare ni cikin adaka. Duk ba ka ga wadda za ka ɗauke ni da ita ba sai wagga?" Na ce ai da gangan na ɓuya, don hoton ya fito yadda yake. Ya ce, "Ɓuya? Na gane ka tun daga nesa. Na aza gaisuwa ta tsaishe ka. Kifi na ganinka, mai jar koma."

Ranar Juma'a ya sa babbar rigarsa da hula, ya tafi shagon Kawu ya zauna kan kujerar nan, hannuwa bisa gwiwa, fuska ba dariya, aka ɗauke shi. Kawu ya ƙi karɓar kuɗi, Baba ya ajiye masa bisa tebur ya fita. Wannan hoton ya kawo wa Inna. Bai sake tada maganar nawa ba. Ni ma ban sake ba, amma ban yaga shi ba.

Kawu ba mai yawan magana ba ne, koyarwarsa rabi tsawa ce. Ma'aunin hasken kyamararsa ya mutu tun kafin in zo, bai kuma gyara ba. Yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Daga wurinsa na koyi cewa farar riga a cikin rana mayaudariya ce: tana cika kyamara da haske, kyamara ta tsuke ido, sai riga ta fito fes fuskar mai ita ta zama gawayi. Magani shi ne ka auna da fuska, ka ƙara buɗe ƙofar haske taki ɗaya, rigar ta ji da kanta. Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa gidajen wanki sun daɗe suna daidaita launi da wani kati da kamfanin Kodak ke rabawa, mai ɗauke da hoton Baturiya. Ashe kayan ma ba da fatarmu aka gwada su ba. Kawu bai san wannan ba, shi dai ya san yadda zai fito da fuskar ango.

Shi ya nuna mini lokuta. Daga fitowar rana zuwa hantsi haske yana kwance, yana shafar fuska ta gefe. Da tsakar rana ka mai da kyamara jaka, don hula da rawani za su jefa inuwa su cinye idanu. Bayan la'asar haske ya dawo, ja-ja, har zuwa kiran magariba. Hazon hunturu kuwa kyauta ce daga Allah, labule ne da aka rataya wa gari duka, sai dai ƙurarsa na shiga ko'ina, dole ka naɗe kyamara da tsumma kamar jinjiri. Abu mafi girma da fim ya koya mini shi ne jira. Kowace dannawa kuɗi ce, kuma na rarar nan daga ladana Kawu ke cirewa idan aka wanko su. Wanda zai biya ba ya danna banza.

Inna ce ba ta sake da sana'ar ba. Ta san hadisin da ya yi magana kan mala'iku da gidan da ke da hoto, ta kuma kai tambaya wurin malamai. Wasu suka ce abin da aka hana shi ne sassaƙa da zanen hannu, na kyamara kamar inuwar madubi ne da aka tsayar. Wasu suka ce sai dai na lalura, irin fasfo. Ta saurari kowa ta yanke nata hukunci: a ɗauka, amma ba a rataya mata a bango. Duk hoton da ya shigo ɗakinta cikin adaka yake kwana, ƙarƙashin zannuwa.

Sana'ar ba rana ɗaya ta mutu ba, tsiyayewa ta yi. Wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, bayan 'yan shekaru ta yi ido. Amare suka fara ɗaukar junansu. Rajistar masu zaɓe ta 2011 da kwamfuta aka yi, ana ɗaukar mutum nan take, ba wanda ya nemi fasfo. A 2012 Kodak ɗin kansa ya durƙushe da bashi a Amurka, to ina ga Kawu. Ya naɗe labule ya koma saye da sayar da shinkafa samfarera. Ni kuma na lallaɓa na yi difloma a Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, na samu aikin riƙe lissafi a wani shagon taki da maganin feshi. Na yi aure. Shekara huɗu ban taɓa kyamara ba, sai ta waya.

Shinkafa ce ta dawo da ni. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki, kowa ya ruga fadama, har ma'aikatan ofis. Shagonmu ya yi ciniki irin wanda bai taɓa yi ba, maigida ya yi mana alheri. Abokan aikina suka sayi babur. Ni na hau motar Kano na dawo da tsohuwar kyamara ƙirar Nikon da ido ɗaya mai milimita 35, wanda ba ya jawo nesa. In kana son mutum ya cika hoto sai ka taka ka matsa har ka ji warin hayaƙin shayinsa. Matata ta juya ta ta juya, ta ce, "To Allah ya sa a hau ta zuwa asibiti."

Na mai da shi al'ada: bayan sallar asuba in fita da ƙafa, in dawo kafin buɗe shago. A nan na gane ban san garin da aka haife ni ba. Ban san 'yan ga-ruwa sun riga ladan tashi ba. Ban san akwai tsohon da ke share ƙofar shagunan da ba nasa ba a Makera Gandu, ba don lada ba, don wai ba ya iya zama. Mai shayi yana ɗaga ruwan zafi daga kofi zuwa kofi, tururi na kama hasken farko. 'Yan kabu-kabu sun yi cincirindo a shataletale, kowa ya cusa hannu cikin hammata don sanyi. Mata na shanyar turararriyar shinkafa a gefen kwalta, yara na korar tsuntsaye. Mai faci na nutsa tayar babur cikin ruwa yana neman kumfa da natsuwar likita. Motocin albasa daga Aliero, masu kifi daga Yauri, mai wankin hula ya jera su kan gwangwanaye kamar sahun masallaci.

Tambayoyin da ake yi mini ba sa canzawa. Na gwamnati ne? Tallafi za a bayar? Wace jarida? In na ce babu ko ɗaya, sai ta ƙarshe ta biyo: "To mi za ka yi da shi?" Na daɗe ba ni da amsa. Nakan yi dariya in wuce.

A watan Afrilu na 2016 na ci karo da labarin rasuwar wani mai hoto na Bamako, Malick Sidibé. Na bi hotunansa a intanet har batirin wayata ya mutu. Samari da 'yan mata a wurin rawa, masu wanka a bakin kogin Kwara, wani ya shigo da babur ɗinsa har cikin shago a ɗauke su tare. Wannan mutum aka ba lambar zinariya ta girmamawa a babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2007, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Shagonsa kuwa in ka cire sunan kamar na Kawu. Na garzaya na nuna masa, na ce Kawu ina nagatif ɗinka na shekara talatin, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa? Ya kalle ni kamar na tambaye shi ina tokar bara. Buhu biyu ne, ya ce, suna ɗakin ajiya, ruwa ya bi ta rufi, gara ta ƙarasa. Birnin Kebbi ta shekara talatin, da amarenta da sarakunan samarinta, gara ta cinye. Ranar na samu rabin amsar tambayar nan. Na kuma fara sa hotunana a Facebook, don a ganina can gara ba ta kaiwa.

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan ya yi kusan shekara goma a kwance. Biki ne da ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka binne tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Na je. Masu hoto daga Abuja da ƙasashen waje sun jeru a bakin Matan Fada da idanun kyamara masu tsawon taɓarya, duk suna jiran abu ɗaya: a ba da alama dubban masunta su ruga ruwa da homa da gora. Na ga ba ni da wurin tsayawa, ba ni kuma da irin kayansu, sai na juya wa ruwan baya. Abin da na kawo gida shi ne wani dattijo da ya fito ba ko tarwaɗa, ya kife gorarsa ya zauna a kai yana matse hularsa, wata mai fura na miƙa masa ludayi. Aka yaba hoton ƙwarai. Yabon ya shiga kaina, gaskiya ke nan.

Daminar shekarar ce ta zo da ambaliyar da ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi, ta karya gadoji, ta rusa gidaje. Makarantu kuma na rufe tun Maris saboda korona, yara sun cika titi. Wata safiya ana yayyafi na tsaya ƙarƙashin wata rumfa, ruwa ya cika layin har ƙwauri. Sai ga wata yarinya mai talla, ba za ta wuce shekara 13 ba, farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, ta tattare zaninta da hannu ɗaya tana ratsa ruwan. Na danna sau uku. A na farko ta runtse ido don yayyafin da ke dukan fuskarta, bakinta ya karkace, duk wanda ya gani zai rantse kuka take. A na biyu ta waiwaya. A na uku tana ƙyalƙyala dariya, don ƙawarta ta zame a bayanta ta zauna daɓas cikin ruwa.

Na farkon na sa. Ban rubuta komai a ƙasa ba sai sunan gari da kalmar damina. Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba.

Kwana uku hoton ya fi ƙarfina. Wani ya yanke gefen da sunana yake, ya rubuta cewa marainiya ce 'yan bindiga suka kashe iyayenta a Zamfara, ya liƙa lambar asusun banki. Wani ya rubuta dogon Turanci kan yadda ake hana 'ya'ya mata karatu a Arewa. Wani ya ce 'yar gudun hijirar ambaliya ce. Na bi ina rubuta ba haka ba ne, ba haka ba ne, kamar mai kwasar ruwan gulbi da ludayi. Kuma in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: a ƙasan damuwar akwai wani ɗan daɗi, cewa hotona ne ya zaga haka.

Bayan mako biyu wani saurayi ya shigo shago. Bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama ya ce, "Kai na mai hoto? Baba na son ganinka." Na roƙi Kawu ya raka ni, muka je bayan la'asar.

Tela ne, kekensa na cikin zaure. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Malam, ga ni. Ni na mamacin da anka ce."

'Yan uwansa na Jega sun bugo waya suna kuka. Wata gwaggonsa ta taso tun daga Kamba don ta'aziyya, ta iske shi yana ɗinki. Yarinyar tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, tana zuwa Islamiyya, tallan na mahaifiyarta ne ana tara mata na kayan ɗaki kamar kowace ɗiya a layin. Yanzu ta ƙi fita. Yara na kiranta marainiyar Facebook. Abin da ya fi ƙona uwar kuwa ba maraicin ba ne, ƙwaurin ɗiyarta ne da ke buɗe a wayar kowane namiji a gari. Ni da na ɗauki hoton, na gyara haskensa, na kalle shi sau ɗari, ban taɓa lura da ƙwaurin ba. Haske da ruwa nake gani.

Kawu ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa yaro ne, alhali ina da 'ya'ya uku. Na ce zan goge yanzu a gabansa. Ya ce, "Goge naka. Na hannun mutane fa?" Sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Don in wanke kaina na ce ai ba ma kuka take ba, dariya take, ga shaida. Na buɗe na uku na miƙa masa. Ya riƙe kyamarar da hannu biyu ya daɗe yana kallo, har ya ɗan murmusa. Ya ce, "Wagga ita ta ɗiyata." Ya ɗago ya dube ni. "To don mi ba ka sa wanga ba?"

Na san amsar. Dariyar yarinyar Kebbi ba ta tafiya ko'ina, kukanta ke tafiya. Na san haka tun kafin in zaɓa, shi ya sa na zaɓa. Ban faɗa ba. Na sunkuyar da kai. Ya ce ya yafe don Allah, amma kada in sake bi ta layinsu da wannan abu. Da muka fito Kawu bai ce mini komai ba har muka kai bakin titi. Can ya ce shi shekara talatin yana ɗaukar mutane, bai taɓa ɗaukar wanda bai gyara hularsa ba.

Wata uku kyamara na cikin jaka. Na karanta muhawarar masu wannan sana'a a Turai da Amurka, inda da yawa ke cewa wanda ya fito titi ya fito idon duniya, ba sai an nemi izninsa ba. Wataƙila hakan ya yi daidai a birnin da mutum zai wuce dubu bai san ɗaya ba. Titinmu ba haka yake ba. Titinmu ci gaban zaure ne. A nan ake cin abinci, a nan ake aski, a nan ake sulhu da bacci da sallah. Duk wanda ka ɗauka ɗan wani ne, surukin wani ne, akwai wanda ke neman aurensa ko yake binsa bashi. Ban yarda da Kawu ɗari bisa ɗari ba, don in kowa sai ya gyara hula to ba za a taɓa sanin yadda muka rayu ba, sai yadda muka yi ado. Amma na daina ɗaukar kaina maharbi.

Da na dawo, na dawo a hankali. Yanzu wuri ɗaya nake zaɓa in lizimce shi. In zauna wurin mai shayi kwana huɗu, biyar, kyamara a kan benci kowa na ganinta, har a gaji da tambaya a koma hira. Sai an manta da ni nake ɗagawa. In na danna nakan tashi in nuna wa mutum, in ya ce goge in goge a gabansa, ko da hoton ya fi duk na shekarar kyau, kuma hakan ta faru ba sau ɗaya ba. Mace sai da yardarta tun farko. Yaro sai na san ƙofar gidansu. Duk ƙarshen wata nakan wanko hotunan, in zuba a ambulan in bi masu su ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin daga albashina yake fita, matata ta daina magana ta koma ƙirga ambulan da ido. Wani mahauci ya karɓi nasa ya ce ashe haka yake ɗaure fuska in yana sara, shi ya sa yara ke tsoronsa. Wani ɗan dako ya mai do mini, ya ce in bari sai ranar Sallah.

Zamani ma ya ƙara tsuke hanya. Bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, duk baƙon fuska mai ɗaukar hoto infoma ne har sai ya wanke kansa. A wata kasuwar ƙauye 'yan sa-kai suka tsare ni tun hantsi har azahar, sai da wani dillalin shinkafa abokin Kawu ya tsaya mini, suka kuma sa na share katin kyamarar duka. Aikin wata biyu ya tafi. Ban ga laifinsu ba, sun binne mutane. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi da mutane ke kwana a layin banki, abin ya juye: ni ake kira. "Mai hoto, zo ka ɗauke mu duniya ta gani." Wani tsoho ya ɗaga tsofaffin takardun naira da aka ƙi karɓa ya ce in tabbatar fuskarsa ta fito. Wahala ce ita ma, amma shi ya miƙo ta da hannunsa.

Baba ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa. Bayan an share makoki Inna ta buɗe adaka ta fito da hoton Juma'ar nan ta ce in wanko da yawa a raba wa dangi. Na wanko. Sannan na ɗauko nawa na keken, wanda na ɓoye shekara kusan ashirin cikin wani littafi, na kai mata. Ta riƙe shi nesa da fuska don idonta ya yi rauni. Ta taɓa wurin lakar da yatsa. Sai ta miƙo mini da sauri ta ce, "Mai da shi wurinka. Wanga shi na, shi ya sa ba ni iya kallonai." Na Juma'ar yana cikin adakarta har yau. Na keken yana wurina.

Yarinyar nan na ji an yi mata aure, har ta haihu. Ban bi ta layinsu ba tun ranar, ko da ba kyamara. A azumin da ya wuce, cikin goman ƙarshe, ɗan baffana ya turo saƙo a zauren danginmu na WhatsApp. Hoton ne. Ya dusashe don yawan kwafa, an ƙara masa baƙin firam, lambar asusun ta canza, yanzu wai daga wata jiha take. A ƙasa ya rubuta a taimaka wa marainiya don darajar watan nan, har mutum biyu sun amsa da amin. Na rubuta masa ya goge. Ya ce don me, sadaka ce fa. Na kira shi, na ce ya samu wuri ya zauna, maganar tana da tsawo, kuma daga keken Baba zan faro.